A Sake, Baba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗaukar hoto a sashen yaɗa labarai na wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Abuja. Idan aka tashe ni daga barci aka ce in faɗi aikina a taƙaice, abin da zan ce shi ne: "A sake." Darakta ya miƙa wa baƙo lambar yabo, baƙo ya karɓa, an tafa, kowa ya juya zai zauna, sai a ji muryata daga gefe: "Ranka ya daɗe, a sake, a ɗan juyo nan." Su kuwa sai su miƙe, su ƙara kama hannun juna, su washe baki kamar yanzu suka fara haɗuwa. Na taɓa sa wasu manya biyu da ko gaisuwa ba ta haɗa su suka yi musafaha sau huɗu, saboda ɗayan yana ta ƙifta ido. Abokin aikina Godspower, mai rubuta labarin da ake haɗawa da hotunana, yakan ce da Hausarsa ta Abuja, "Nura, kai ne oga na gaskiya a wannan ofis. Kai kaɗai kana ce darakta ya tashi, ya tashi." Ba zan ɓoye ba, maganar tana fasa min kai.

Mahaifina, Malam Badaruddeen, direban gwamnati ne har ya yi ritaya, ya gina ɗan gidansa a Tungan Maje, kusa da Zuba. Yana da wa guda ɗaya a Zariya, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa ke kira Ɗangoggo, mu kuma muke ce masa Baffa. Rabona da in sa Baffa a ido tun ina ɗan shekara goma sha huɗu, kuma ranar da na gan shi ta ƙarshe ita ce ranar da zumuncinsu ya yanke.

Lokacin da kakarmu, Inna, ta kwanta ciwon ajali, Baffa ne ke jinyarta. Wayar hannu ba ta zo hannun talaka ba tukuna, don haka sau uku yana ba direbobin tasha saƙo su kawo wa Baba. Na farko, Baba ya ce sai ƙarshen wata. Na biyu, ogansa zai tafi rangadi, kuma mutumin ba ya yarda da tuƙin kowa sai nasa. Na uku ya zo Baba yana Fatakwal. Muka isa Zariya kwana biyu bayan an binne ta. A wurin zaman makoki, ƙofar gida cike da mutane a kan tabarmi, Baba ya durƙusa ya miƙa wa wansa hannu. Baffa ya dubi hannun, ya ce, "Ka kai wa oganka," ya ci gaba da jan carbinsa. Hannun Baba ya daɗe a miƙe kafin ya mayar da shi aljihu. Daga ranar aka yi shekara ashirin da uku ba wanda ya nemi wani.

Bara da azumi hawan jini ya kayar da Baba a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta koma ƙasa-ƙasa, sai ka kai kunne kusa kafin ka tsinci abin da yake faɗa. Mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya tun tuni, don haka ƙanwata Zuhra, malamar makaranta ce, ta tattara ta koma gidan tana kula da shi. Ni kuwa ina zuwa ran Asabar da lemo da ayaba, in ɗauke shi hoto, in tura wa dangi a waya, a yi ta rubuto min "Allah ya yi albarka." Wannan shi ne nawa aikin jinyar.

Zuhra ce ta fara kiran Baffa. Da fari da ya ji sunanta sai ya kashe. Daga baya ya riƙa saurare ba ya cewa komai. Ita kuwa akwai naci, duk Juma'a sai ta kira ta gaishe shi, ta ba shi labarin jikin ƙaninsa ko bai tambaya ba. Sai da aka yi wata shida sannan ya ce mata, "Yana iya cin abinci da kansa?" Ta kira ni tana kuka, wai Baffa ya yi tambaya. Bayan wata guda ya ce zai zo Abuja duba 'yarsa da ke aure a Gudu, in ya samu sarari zai leƙo Tungan Maje. Duk mun san ba don 'yar zai zo ba, amma ba wanda ya isa ya faɗa.

Da Baba ya ji, sai ya sa aka kira masa Sista Talatu, mai zuwa yi masa gashin ƙashi sau biyu a mako. Ya ce ta bar maganar ƙafa, ta bar maganar sanda, abu ɗaya yake so: ya iya ɗaga hannun damansa ya miƙa.

"Malam, ka miƙa masa na hagu mana, ai lalura ce, zai gane," in ji ta.

Baba ya girgiza kai. "Ba zan miƙa wa Yaya hagu ba."

Sati shida suka yi a kai. Ta ba shi lemon tsami ya riƙa matsawa a tafin hannu, ta ɗaura masa tawul a wuyan hannu yana ja da na hagu. A sati na biyar ya fara iya ɗaga hannun shi kaɗai har daidai ƙirji, ya riƙe shi na ɗan lokaci. Amma sau ɗaya ne a yini. In ya yi sai gumi ya jiƙe masa riga, ya nemi kwanciya. Na san wannan sarai, don ni da kaina na ɗauke shi a bidiyo.

Ranar Asabar ɗin da Baffa zai zo, an yi ruwa da safe ya ɗauke. Na iso da babbar kamarata a wuya. Zuhra ta tare ni a bakin ƙofa, hannunta duk albasa.

"Yaya Nura, wannan abin fa?"

"Tarihi za a yi yau."

"Don Allah ka bar ta a mota."

"In ban ɗauka ba, nan da shekara goma ke za ki fara ce min ina amfanin aikina."

Ta dube ni ta yi ƙwafa ta koma kicin. Ni kuma na shiga falo ina ji da kaina, ina duba inda zan tsaya.

Baba yana zaune a kujerarsa jikin taga, sanye da farar jamfa da hular da yake zuwa Idi da ita. An yi masa aski, an gyara masa gemu. Hannun daman yana kwance a kan hannun kujera, ya hana kowa taɓa shi tun safe, yana tattalinsa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ji sallama. Baffa ya shigo, dogo, siriri, gemunsa fari fat, da lema a naɗe a hannu. Na gaishe shi ya amsa bai dube ni ba. Zuhra ta tsaya can bayan labulen kicin da tiren ruwa, ta kasa ƙarasowa. Baffa ya jingina lemar a bango, ya tako har gaban kujerar ya tsaya.

Tsakanina da su taku biyu ne. Na ɗaga kamara na kai ido. Nan na ga matsala: tagar tana bayansu, hasken waje ya rinjayi na ɗaki, duk sun fito baƙi ƙirin, ba a ganin fuskar kowa. Na shiga murɗa wannan ina danna wancan. A cikin gilashin na ga inuwar hannu ta taso a hankali tana rawa, na ga wata inuwar ta sunkuya ta kama ta. Na ji muryar Baba tana faɗin wani abu, doguwar magana ce ma a yadda yake iyawa, amma hankalina yana kan lambobin da ke gefen gilashi. Na danna, na danna, duk baƙi. Lokacin da na daidaita hasken, fuskoki suka fito tar, hannuwan sun riga sun rabu.

Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Bakina ne ya yi aikin da ya saba.

"Baba, a sake. Baffa, a ɗan juyo nan, haske ya ɓata na farkon."

Abin da ya fi ci min rai har yau shi ne Baba ya bi umarnin. Mutumin da ya yi shekara talatin ana ce masa tsaya ya tsaya, juya ya juya, bai san yadda ake ƙin irin wannan muryar ba, ko da daga bakin ɗansa ta fito. Ya cije leɓe ya yunƙura. Hannun ya taso kamar taƙi ɗaya daga kujera, ya yi rawa, ya faɗo a kan gwiwarsa. Ya ƙara gwadawa, ko motsi bai yi ba. Yawu ya zubo ta gefen bakinsa, ya kai hannun hagu ya goge, ya sunkuyar da kai.

Baffa ya juyo. Ya dubi kamarar, ya dube ni, ya dubi farar jamfar Baba da hular Idi.

"Ashe taro aka shirya," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ai da kun faɗa min, da na sako babbar riga. Ni na ɗauka ɗan'uwana na zo gani."

Ya ɗauki lemarsa ya fita. Zuhra ta ajiye tire ta bi shi tana "Baffa, don girman Allah," amma har ya tari mai babur a bakin layi. Ko ruwan gidan bai sha ba.

Da ta dawo ba ta yi min ihu ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Wata takwas, Yaya Nura. Wata takwas ina kiran mutumin nan." Ta wuce ta kama Baba ta kai shi ɗaki. Ya kwanta ya juya fuska bango, abincin rana ma ya ƙi ci.

Na koma mota na zauna, na buɗe hotunan. Guda goma sha huɗu. Sha uku baƙaƙe ne, sai inuwa. Na ƙarshen kuwa ya fito tsaf, irin wanda a ofis za a ce na iya aiki: Baba ya sunkuyar da kai, hannunsa yashe a gwiwa, Baffa yana kallona ido cikin ido. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa ci gaba da kallon. Jibi Baffa zai iya kasancewa a Zariya, kuma a shekarunsu da yanayin jikin Baba, ba na jin akwai wata Asabar ɗin da za a jira. Na tayar da mota, na bi ta Giri na hau titin filin jirgi, na nufi Gudu.

Mijin 'yar Baffa, Abdulmajeed, yana da shagon wayoyin lantarki da ƙwan fitila a cikin kasuwar. Na same shi yana auna wa wani waya. Da ya gan ni ya yi min nuni da ido zuwa can ciki. Baffa yana zaune a benci tsakanin kwalaye, yana jan carbi. Abdulmajeed ya raɗa min cewa tun da Baffa ya dawo ya ce a nemo masa motar safe zuwa Zariya.

Na cire takalmi na durƙusa. Ban buɗe baki ba Baffa ya nuna ƙirjina da carbin.

"Ka biyo ni ka ƙarasa ne?"

Na duba. Ashe kamarar tana rataye a wuyana, na tuƙo mota tun daga Tungan Maje da ita ban ma sani ba. Na cire ta na miƙa wa Abdulmajeed, ya tura ta ƙarƙashin kanta.

"Baffa, na zo ba da haƙuri. Laifina ne ni kaɗai."

"Me ubanka ya ce min da ya riƙe hannuna?"

Na sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake."

"Ban ji ba, Baffa."

"Taku nawa ne tsakaninmu da kai?"

"Biyu."

"To ina kake?"

A waje wani yana ta cinikin soket, janareton maƙwabta yana ƙara. Baffa ya ja carbi kamar sau goma kafin ya ci gaba.

"Uwarmu ta yi kwana arba'in tana kallon ƙofa. Duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai. Ni na zauna na ga wannan, ba a hoto aka nuna min ba. Na ce shekaru sun ja, mutum ya kwanta, bari in je. Na je na tarar an yi masa kwalliya an ajiye mai hoto, don a tura wa dangi a ce ga Ɗangoggo ya zo ya sauko. Haka kuke yi a garin nan, komai sai an yi don a gani."

"Wallahi Baffa ba shi ya sa ni ba. Bai ma san zan zo da ita ba. Zuhra hana ni ta yi na ƙi ji."

"Kwalliyar fa?"

"Don kai ya yi."

Hannuna ya tafi aljihu da kansa, zan ciro waya in nuna masa bidiyon Baba yana fama da tawul. Na taɓa wayar, sai na ji kamar na taɓa garwashi. Na zare hannun na ɗora a gwiwa. Na ba shi labarin da bakina, duk da ban iya ba da labari ba sai da abin nunawa. Na faɗa masa lemon tsami, da tawul, da sati shida, da abin da Baba ya ce wa Sista Talatu, cewa ba zai miƙa wa Yaya hagu ba.

"Sau ɗaya yake iya ɗaga shi a yini, Baffa. Tun safe yake ajiye da shi yana jiranka. Ni na san haka, kuma na ce ya sake."

Carbin ya tsaya. Baffa ya buɗe tafin hannunsa na dama ya daɗe yana kallo. Na jira ya ce wani abu game da motar safe, bai ce ba.

"Tashi ka tafi," ya ce. "La'asar ta yi."

Na fita ban karɓi kamarar ba.

Washegari Lahadi, wajen azahar, Abdulmajeed ya kira ni. "Baffa ya ce ka zo ka kai shi. Ya ce kai kaɗai, ban da kayan aikinka." Na ce kayan aikin ai suna ƙarƙashin kantarsa, su ƙara kwana. Kafin in shiga layin gidanmu na ciro wayata ma na jefa a aljihun mota na rufe. Tun daga Gudu har Tungan Maje Baffa bai ce min komai ba sai sau ɗaya, da ya ce ina gudu da yawa.

Mun tarar da Baba a tsakar gida, a kan farar kujerar roba ƙarƙashin bishiyar gwaiba. Tsohuwar rigar shan iska ce a jikinsa, ba hula. Zuhra tana tsaye da buta za ta taimaka masa ya yi alwalar la'asar. Da ya ga wansa, sai na ga kafaɗarsa ta dama ta fara motsi, ya cije leɓe zai yunƙura.

"Bar shi, Badaru," in ji Baffa. "Na karɓa jiya."

Ya karɓi butar daga hannun Zuhra, ya naɗe hannun rigarsa, ya jawo turmi ya kifa ya zauna a kai. Ya ɗauki robar da ake tarar ruwan alwala ya miƙo min.

"Kai, riƙe nan."

Na durƙusa a tsakaninsu na riƙe robar da hannu biyu. Zan faɗi gaskiya: hasken yammacin nan, bayan hadari ya washe, rana tana ratsowa ta cikin ganyen gwaiba tana sauka a gefen fuskokinsu, shi ne irin hasken da nake yin wata guda ban samu ba. Idona ya riga ya yanke inda hoton zai fara da inda zai ƙare. Ɗan yatsana har ƙaiƙayi yake. Amma in na saki robar ruwa zai zube wa Baba a ƙafa, don haka na riƙe, na kalla.

Baffa ya ɗago hannun daman Baba ya ɗora a tafinsa, ya zuba ruwa. Ya buɗe yatsun da suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya yana wanke tsakaninsu, a hankali, sau uku. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba, ni da na ɗauki Baba hoto ya fi sau dubu: ƙaramin yatsansa a karkace yake, ya ɗan lanƙwasa ciki. Na Baffa ma haka. Na dubi nawa a bakin robar, shi ma haka.

"Ka tuna yadda Inna ke dirje mana hannu da soso a bakin rijiya?" Baffa ya ce, yana zuba masa ruwa a tafin hagu don ya kurkure baki. "Kai ne mai ihu tun ba a taɓa ka ba."

Baba ya yi dariya da rabin bakinsa, ruwan ya zubo masa a riga. Baffa ya goge masa da gefen hannu. Ya wanke masa fuska, ya dawo kan hannun daman zai wanke zuwa gwiwar hannu, sai ya tsaya yana riƙe da shi.

"Akwai saƙonka a wurina, Badaru. Ranar da za ta cika, da hantsi, na ce mata na aika sau uku ba ka zo ba. Ta ce, a bar min shi, hanya ce ta yi masa nisa, ka ce masa na yafe. Ni kuma na riƙe ban faɗa maka ba. So nake ka ji zafin da na ji. Shekara ashirin da uku ina riƙe da abin da ba nawa ba. Ka yafe min."

Ƙirjin Baba ya shiga hawa da sauka, hawaye suka gangaro suka haɗu da ruwan alwala a gemunsa. Sai na ga yatsun nan da ba sa jin magana sun matse yatsun Baffa kaɗan, kaɗan ƙwarai, wanda in ba kana durƙushe a wurin ba ba za ka gani ba. Zuhra ta juya ta shige kicin da sauri. Ni ma kuka nake, kuma ba hannun da zan share, haka na bar shi yana ɗiga cikin robar.

Da aka gama, Baffa ya ja mu salla a nan tsakar gida, Baba a zaune a kujerarsa, ni a gefensa. Baffa ya ce a je Gudu a ɗauko masa jakarsa. Kwana tara ya yi a gidan, shi ke yi wa Baba alwala sau biyar a yini, suna faɗa a kan wanda ya fi wani rashin ji suna yara.

Ran Litinin na karɓo kamarata na koma ofis. Na goge hotunan nan goma sha huɗu. Har yau ina ce wa darakta a sake, kuma yana sakewa, don abin da ake yi a can da ma don hoton ake yi.

Baba ya rasu bayan wata biyar, da safiyar wata Talata, Baffa yana kan hanya daga Zariya. Wannan karon an jira shi, shi ya yi masa wanka. A zaman makoki dangi suka yi ta tambayata hoton su biyun tare, tunda kowa ya ji labarin sun shirya. Wata gwaggonmu har da cewa, "Kai da hoto ne sana'arka?" Na ce babu. Duk wanda ya zauna ya saurara, na ba shi labarin gwaiba da buta da saƙon Inna, kuma ban taɓa mance ko kalma ɗaya ba.

Abu ɗaya ne ba ni da shi. Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, na matsa kusa da Baffa a kan tabarma.

"Baffa, ranar Asabar ɗin nan, da Baba ya riƙe hannunka. Me ya ce maka?"

Ya dube ni, ba da fushi ba.

"Kana wurin, Nuraddeen."

"Na sani. Ka taimaka ka maimaita min."

Ya girgiza kai. "Sati shida ya yi yana shirya ta, da bakinsa ya faɗe ta. In na faɗa maka da nawa bakin, ba ita ba ce. Wannan ba a sake ta."

Ya kamo hannuna na dama ya riƙe a cinyarsa, ya ci gaba da jan carbi da ɗayan. Muka zauna a haka har aka kira la'asar.